Launi Huɗu

Disamba ta kama, zafi ya sauka a Geelong,
kwalta na warin ƙuna tun ƙarfe bakwai.
Na ajiye mota bayan tarin bulo,
na ɗauko akwatin gwaji da ƙunshin jajayen tambura.
Ja ne launin wannan zango.
Maris zai zo da kore, Yuni da shuɗi,
Satumba ruwan ɗorawa, sannan mu koma ja.
Wata uku-uku. Haka shekarata ke juyawa,
a jikin wayoyin mutane.

Desmond Vella, heluman wurin,
ya tare ni da kofin shayi da ƙorafi:
"Merryn, ba jiya-jiya kika tafi ba?
A ofishin matata sai an shekara, ko fiye."
Na ce, a ofishin matarka
wa ke jan waya a kan tsakuwa?
Wa ke taka ta da baro cike da kankare,
ya bar ta ta kwana cikin ruwan daren Talata?
Wuta ba ta san gaggawar ɗan kwangila ba.

Suka jero mini kayan a inuwar kwantena:
zarto mai kuka, injin gurza ƙarfe,
fitila, rediyon da siminti ya rufe wa baki,
da dogayen wayoyi a naɗe kamar masu barci.
Ido ke fara aiki kafin na'ura.
Ina bin kowace waya da yatsu
kamar mai neman ƙaya a ƙafar yaro.
Nan ta kumbura. Nan wani ya ɗaure rauni da salatif
ya ce wa ransa ta warke.

Arba'in da ɗaya suka haye.
Na biyu bayan arba'in Tevita ne ya kawo,
sabon yaron kafinta, mako uku da farawa.
Injin huda ne, tsoho, mai gangar ƙarfe,
riƙonsa ya sule har yana sheƙi.
Babu tambari a jikinsa, ko na bara.
"Na babana ne," in ji shi.
"Da shi ya kafa rufin gidanmu
shekarar da muka iso daga Tonga."

Na jona. Na jira.
Na sake jonawa, don kunyar idon yaron.
Na'ura ba ta da kunya:
wayar ƙasa ta tsinke can ciki,
inda ido ba ya kai.
Injin zai yi aiki yau, zai yi gobe,
har ranar da tafin hannu ya jiƙe da gumi,
wuta ta nemi hanyar sauka
ta tarar babu, sai ta ƙirjin mai riƙo.

Na ɗaura masa tambarin hani.
Tevita bai ce komai ba.
Ya goge ƙurar gangar da gefen rigarsa,
ya naɗe wayar a hankali, zagaye bakwai,
yadda wani ya koya masa.
Na rubuta masa sunan mai gyara a Titin Pakington
a bayan takardar burodi.
Ban sani ba ko zai je.

Kafin in tafi na faɗa musu abin da nake faɗa kullum,
su kuma suka kalli agogo yadda suka saba:
tambari ba laya ba ne.
Shaida ce ta safiyar yau kaɗai.
Kwana tis'in da ke tsakanina da ku
idonku ne mai gadi, kowace safiya, kafin a jona.

Desmond ya sa hannu, ya ce sai Maris.
Daga hawa na uku zarto ya tashi da kuka,
ɗan jan tambarinsa na rawa a iska.
A madubin mota na hango Tevita
yana kai injin babansa cikin jakarsa,
ya kwantar da shi kusa da abincin rana.